Yatsan Mushe Cindo na Shida

Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a gidan likita na Dakoro. Na ga abin mamaki iri-iri, har na ɗauka mamaki ya ƙare mini. Ashe da saura. Abin da ya tsaya mini a rai har yau ba a ɗakin haihuwa na gamu da shi ba, a cikin kayen taubashina ne, wato littafi mai jan bango irin wanda 'yan lakwal, makarantar boko, ke rubutu a ciki.

Sunansa na yanka Zakariya'u, amma da yatsu shida-shida aka haife shi, don haka Cindo ya riga ragon suna isowa. Wani wanzamin Dakoro ya ɗaure ƙarin yatsun da zare, suka bushe suka faɗi, suka bar masa ɗan tabo a gefen kowane hannu. Duk Dakoro Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal, don rabin garin ya bi ta gaban allonsa. Ni kaɗai ke kiransa Cindo gatsal a gaban kowa. Uwarsa ƙanwar ubana ce, wasan taubasai kuwa bai san furfura ba. Shi kuma sunana Nuriyya ya yi masa tsawo, sai ya ce Nuri uwar surutu.

Dogo ne siriri, da bik, wato biro, har uku a aljihun gaba: baƙi na rubutu, shuɗi na sa hannu, ja na gyara. Jan shi ya fi ƙarewa. Mutum ne da zai tsayar da moto, wato babur, a tsakiyar hanya don ya gaya wa mai shago cewa allon shagonsa da kuskure. Amma a aiki ba a raina shi. Ya koyar a Ɗan Gulbi lokacin da lakwal rumfar kara ce, ya koyar a Tagriss inda yakan ari raƙumi ya bi ɗiyan makiyaya har mashaya ya roƙi iyayensu su bar su su gama shekara. Ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, shi ne gidansu. Ba za ku yi hirar rabin awa ba sai ka ji “mu jikokin Ango”.

Ango shi ya sari Gidan Ango, wani ƙauye a hanyar Kornaka mai rijiya gaba talatin da wani abu. Mahaifin Cindo, marigayi Mamani Ango, shi ne yaron farko da ya shiga lakwal daga ƙauyen, tun zamanin Nasara. Ya zama malamin likita, ya zauna a Dakoro har ya rasu. Mutum ne shiru-shiru, da askar gidan Ango uku-uku a kumatu, masu kauri, da tabon nan a gefen hannuwa irin na ɗansa. Cindo yakan ɗaga hannu ya nuna tabon ya ce wannan tambarin gidan sarauta ne. Nakan ce masa ai akuyarmu ma ta taɓa haifar mai kunne uku, ba a naɗa ta ba.

Akwai wata ɗabi'ar tsohon da ke ƙona wa Cindo rai. Kowace ranar kasuwa sai ya je layin masu kayan miya, ya zauna a gefen tabarmar wata mata, Dela mai daddawa. Ba ya daɗewa. Ya zauna, su yi 'yar magana, ya sayi daddawa ya tashi. Gidansu daddawa har ta yi yawa ana rabar wa maƙwabta. Cindo yana ganin zubar da girma ne ɗan mai gari, ma'aikacin gwamnati, ya zauna a ƙasa cikin warin daddawa. Ranar da tsohon ya rasu, shekara ashirin ke nan, Dela ta shigo har cikin gida ta zauna a bakin ɗakin gawa tana kuka, ta ƙi tashi. Cindo ya ce a ba ta sadaka ta tafi, wurin na dangi ne. Ni ya aika, ni kuma na kai. Na miƙa mata ƙwaryar gero, ta dube ni, ta karɓa da hannu biyu ta fita.

Bara, bayan Cindo ya ajiye alli, mai garin Gidan Ango ya rasu. Shi ne autan Ango, kuma ɗiya mata kaɗai ya bari. Sarautar ta koma kan jikoki ta wajen maza, aka sa ranar taro bayan an gama girbi. Mutum biyu suka fito. Na farko Cindo. Na biyu Amiru, manomi, wanda bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Uban Amiru, wanda ake kira Nagoggo, a arewa ya tashi, a hannun ƙanwar Ango da ta auri makiyayi, bai zo Gidan Ango ba sai da gemunsa. Kowa ya ɗauka ɗanta ne, ɗan mace kuwa ba ya gadon rawani. Amma Amiru ya ce ubansa ya gaya masa a ciwon ajali cewa shi ɗan Ango ne na cikinsa.

Da Cindo ya ji haka dariya ya yi har da tari. Washegari ya sayi jan kaye, ya rantse sai ya zana kowane reshe na gidan Ango, da shaida, don Amiru ya ga inda yake rataye. Na ce masa in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere. Ya ce shi ba mugunta yake ba, bincike yake.

Ni ya ɗauko a aikin don ya san tsofaffin mata ba sa sakin baki a gaban namiji mai bik, ni kuwa babu zauren da ban ratsa ba. Sai ga ni da girmana a bayan motonsa cikin yashi, ina salati, yana ce mini in daina motsi. Gaskiya dai, ya iya aikin. Daga kansa ya fara ya yi sama, bai fara daga Ango ya gangaro ba, ya ce wanda ya fara daga kaka abin da yake so shi yake gani. Duk gidan da za mu sai mun riƙe sukari da shayi. Ba ya tambayar tsoho shekara, sai dai ya ce kafin a gama rijiya ne ko bayan an gama, kafin farar nan da ta cinye gero ko bayanta. Yana ajiye wayarsa ta salula a kan tabarma ta ɗauki magana, da izinin mai maganar. Takarda kowace iri, ko ta allurar shanu ce, sai ya ɗauki hotonta. Maroƙi kuwa ya ce a saurare shi don sunaye, kada a saurare shi don gaskiya. A shafin farko ya rubuta wata doka da jan bik, ya ja mata layi biyu: ba za a shigar da magana cikin kaye ba sai baki biyu da ba su zauna tare ba sun faɗe ta.

Wurin farko da ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashinmu Ɗan Gulbi ne. Akwai wata tsohuwa can mai suna Mata, ɗiyar ƙanin Ango, wadda ta tashi a gidansa. Idonta ya tafi amma kanta garau. Ta jero mana matan Ango da ɗiyansa kamar mai ƙirga awakinta. Cindo yana ta rubutu, bakinsa har kunne. Sai ya ce bari ya ƙara gishiri.

“Inna, shi kakan namu a hannu biyu yake da cindon, ko a guda?”

“Wa? Ango?” Ta karkata kai. “Hannunshi kamar na kowa, ɗana. Ni nike zuba mishi ruwan wanke hannu. Biyar-biyar na gani.”

Bik ɗin Cindo ya tsaya. Ya ce, “To Mamani hwa? Mamani na Ango?”

“Wanne daga ciki?”

Na ga lokacin da ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta kama haɓa, ta juya fuska ga bango, ta ce sukarin nan na bana ba shi da zaƙi. Daga nan ko kalma ɗaya ba mu ƙara samu ba. A hanya Cindo ya ce tsufa ne, ta haɗa shi da wani Mamanin. Ni kuwa ban yarda ba. Lissafi nake a zuci. Cikin ɗiyan Cindo bakwai, uku na karɓa da yatsa na shida. Matan Gidan Ango kuwa na karɓi haihuwarsu ba adadi, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Irin wannan abu jini yake bi, na sani tun ina koyon aiki.

Sati biyu bayan haka ya zo gidana yana rawar jiki. Wani tsohon ɗalibinsa ya buɗe masa ɗakin ajiyar tsohuwar lakwal, sun tono babban littafin sunayen 'yan lakwal na zamanin Nasara, gara ta ci gefensa. Ya nuna mini hoton shafin a salula, ya fassara mini da muryar aji. Mamani Ango, ɗan mai gari, an haife shi wajen 1940. Ya ce, “Kin gani, uwar surutu? Baƙi a kan hwari. Amiru shi kawo tashi takardar.”

Na ce wannan rubutun na gefe fa? Ya ƙara girman hoton ya karanta. Mushen wancan lokaci ya rubuta cewa yaro ne mai kai, amma ya gudu sau uku, kuma ba ya amsa sunansa in an kira shi. Cindo ya yi dariya ya ce ashe tsoho ma ya yi ƙiriniya. Ni ban yi dariya ba. Yaro ɗan shekara bakwai yana iya ƙin karatu, yana iya ƙin tuwo, amma sunansa ko cikin barci aka kira sai ya motsa.

Ni na ba da shawarar wanzami, kuma na yi nadamar ta kafin rana ta faɗi. Gida ɗaya ne ke yi wa zuriyar Ango aski da aska tun da aka sari garin, tsohonsu yana zaune a Kornaka. Na ce masa wanzamai ba su da kaye amma babu jaririn da ya wuce hannunsu. Cindo ya yaba, har ya ce ashe kaina ba na ɗaura kallabi ba ne kawai. Muka same shi a rumfarsa yana wasa aska a fata. Bayan gaisuwa Cindo ya ajiye salula ta fara ɗauka, ya fito da hoton mahaifinsa na katin aiki don tsohon ya shaida askar gidan Ango ce.

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Ya kai shi haske, ya dawo da shi.

“Mushe, wanga ka ce mahaihinka ne?”

“Shi ne, Baba. Askar gidanmu ce ko ba ita ba?”

“Askar gidan Ango ce, hannun ubana ne. Amma duba nan.” Ya aza farce a kan kumatun hoton. “Askar jinjiri tana girma tare da huska, ta yi siriri, ta kwanta. Wagga ta yi kauri, ta tashi. Ga inda ta karkace. Mai ita ya yi ta hizge-hizge. Wanga ba ɗan kwana bakwai ba ne, Mushe. Yaro ne mai haƙora.”

Sai ya kama hannun Cindo ya juya shi, ya shafa tabon da babban yatsa. Ya ce, “Gidan Ango ba a taɓa haihuwar cindo ba. Da an haiha, mu za a kira.”

Ya ce ubansa ne ya yi rantsuwar rufe maganar, ta bi shi kabari, shi kuwa tunda an tambaye shi zai faɗa. Ga abin da ya faɗa. Shekarar da kwamanda, Nasaran da ke mulkin yankin, ya ce kowane mai gari ya kawo ɗansa lakwal, ɗa namiji ɗaya tal Ango yake da shi, Mamani. Mutane a lokacin sun yi imani yaron da Nasara ya karɓa ya tafi ke nan, da shi da sallarsa. Kafin gardin kwamanda, wato dogarinsa, ya iso, Ango ya aza Mamani a raƙumi ya tura shi arewa wurin ƙanwarsa. A garin kuwa akwai wani baƙo, Intalla, mai haƙar rijiya, wanda ya zo da iyalinsa yana haƙa wa Ango rijiyar nan. Yana da yaro tsaran Mamani. Ango ya ce a ba shi yaron. Amma gardi ya san askar gidan, ba zai karɓi yaro mai fuska a shafe ba. Sai aka kira wanzami, ƙarti biyu suka danne yaron, aka tsaga masa uku-uku. Aka jira miki ya kame, aka miƙa shi da sunan Mamani Ango.

“Ubana bai taɓa yi ma mai haƙora aska ba sai ran nan,” in ji tsohon. “Har ya mutu yana istigifari.”

Na ce innalillahi, ban san sau nawa ba. Mutumin da ya yi mini allura ina yarinya, wanda na durƙusa wa shekara da shekaru, ashe fuskar da nake gaisarwa ma ɗora masa ita aka yi. Daga baya na saurari abin da salula ta ɗauka, akwai wuri mai tsawo da ba a jin komai sai wata kaza tana tono.

Daga bisani Cindo ya ce, “Baki ɗaya ne. Ba ya shiga kaye.”

“To nemi na biyu,” in ji wanzami. “Intalla ya bar ɗiya mace. Tana nan Dakoro wurinku, an ce daddawa take saidawa.”

Ƙwaryar gero ce ta fara faɗo mini a rai. Bayan ta sai hannun Dela na hagu, da ɗan yatsan nan da ke lilo a gefe in tana jera daddawa a faifai. Na gan shi ya fi sau ɗari. Ni da nake taƙama babu abin da ke wuce idona, ban taɓa haɗa shi da komai ba. Ranar a bayan moto ban yi salati da ƙarfi ba, shi ma bai ce in daina motsi ba.

Kwana uku bai fito ba. Rana ta huɗu na same shi a zaure da kayen a kan cinya. Zan faɗi abin da na yi don kada in wanke kaina. Ni ce na ce masa ya rufe maganar. Na ce takardun hukuma duka nasa ne, Amiru ba shi da ko guntu, Mata ba za ta ƙara magana ba, wanzami tsoho ne a wani gari. Na ce ya tuna da ɗiyansa da sunan da ke kan takardun karatunsu. Tausayinsa nake ji, kuma ina jin kunyar idon mutanen da ya shekara arba'in yana yi wa “mu jikokin Ango”. Ya saurare ni har na gama. Ya buɗe shafin farko ya dubi dokar da ya ja wa layi biyu.

“Nuri, saura baki guda. In ban je ba, ba bincike na yi ba, ƙarya na shirya.”

Ranar kasuwa muka je. Dela tana nan inda take kullum, ta tsufa ta ƙanƙance, faifanta a gaba. Cindo ya tsaya a kanta da tsayinsa, ya rasa ta inda zai fara. Sai na ga ya cire takalmi, ya tattara babbar riga, ya zauna a gefen tabarmar, daidai inda ubansa ke zama. Mata masu kuka da kuɓewa suka bar ciniki suna kallo. Hannunsa kawai ya ajiye a kan tabarma kusa da nata.

Ta dubi hannun, ta dube shi. Ta ce, “Sai yau?”

“Inna, don mi ba ki taɓa hwaɗi ba?”

“Wa ya tambaye ni? Shekara nawa kana aiko a sayi daddawa. Ka je Kornaka, ka je Ɗan Gulbi, duk ina ji. Ni ga ni nan bakin hanyarka.”

Ta ba mu labarin ba tare da ta ɗaga murya ba, tana korar ƙuda da mafici. Tana 'yar shekara huɗu ko biyar aka ɗauke wanta. Gudun farko da ya yi daga lakwal, kwana biyu ya yi a ƙafa, ya iso bukkarsu a bakin rijiya. Uwarsu ta gan shi da askar wasu a fuska ta ƙwala ihu. Ubansu da kansa ya mayar da shi wurin Ango, don an sa shi ya dafa Alƙur'ani, kuma baƙo ne, ba shi da inda za shi da iyali. Haka aka yi sau uku. Daga na ukun bai ƙara gudu ba. Da ya zama malamin likita, iyayen sun riga sun rasu, ya neme ta ya kawo ta Dakoro, ya sama mata wurin nan a kasuwa. Ya roƙe ta ta yi shiru, don aikinsa da karatun ɗiyansa duka a kan sunan Ango suke.

Cindo ya ce, “To mi ke kawo shi nan duk ran kasuwa? Mi kuke cewa?”

“Ba mu cewa komi. Zuwa yake in kira shi da sunanshi. Shi zamna nan inda kake, in ce, Jimrau, ka zo? Shi ce, na'am. Shi ke nan. Sai shi sayi daddawa shi tahi.”

Ban taɓa ganin Cindo yana kuka ba, ko a ranar da aka binne uban nasa. Ranar nan a tsakiyar kasuwar Dakoro ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, bik ɗinsa suka zubo a kan tabarma. Ni ma ban tsira ba. Na durƙusa na ce mata ni ce na miƙa mata geron nan, ta yafe mini.

“Geron? Ai na gode. Ni ya kamata in yi ma wana sadaka, ba ni da shi, sai ga shi kun ba ni. Na daka na yi hura na raba ma yara.” Ta tattara bik ɗin ta miƙa masa. “Tashi, mutane na kallonka.”

Ya ce, “Su kalla, Goggo.” Wannan ne karon farko da ya kira ta haka.

Saura kwana tara a yi taro. A cikinsu ya sake zana kayen daga farko. Ya ɗauke ubansa daga ƙarƙashin Ango, ya sa Nagoggo a wurin da sunansa na gaskiya, Mamani, ya sa Amiru a ƙarƙashinsa. Ya buɗe sabon shafi mai mutum kaɗan: Intalla, Jimrau, Dela, sai shi da ɗiyansa. Ya tara ɗiyan ya gaya musu, babban ya yi fushi ya bar gidan kwana biyu. Ana gobe taro ya je Gidan Ango, ya samu Amiru a bakin rumbu yana ɗaure dami, ya kira dattawa uku, ya kunna musu muryar wanzami da ta Dela da ya koma ya ɗauka, ya karanta musu kayen reshe-reshe, ya ajiye shi a hannun Amiru. An ce Amiru ya riƙe kayen a juye yana ta maimaita “ashe Baba gaskiya ya hwaɗi”. Shi kansa bai gama yarda da maganar uban nasa ba sai ranar.

Washegari aka taru a ƙarƙashin gawon da ke kusa da rijiya. Wakilin hukuma ya zo, wakilin sarki ya zo, masu gidaje suka zauna sahu-sahu. Mu mata muna gefe. Dela tana kusa da ni, don Cindo ya ce sai an zo da ita, rabonta da garin tun tana budurwa. Tun da muka sauka idonta yana kan rijiyar da ubanta ya haƙa. Labari ya riga ya zaga, amma takardar 'yan takara an shigar da ita tun wata guda, dole magatakarda ya karanta ta yadda take. Ya kira Amiru, Amiru ya amsa ya miƙe. Sannan ya ɗaga murya.

“Zakariya'u Mamani Ango!”

Cindo yana zaune a sahun gaba, kowa yana ganinsa, hannuwansa a kan gwiwa. Bai ɗago ba. Magatakardan baƙo ne, bai san komai ba, ya duba takarda ya sake kira da ƙarfi. Wurin ya yi tsit, har ana jin guga tana bugun bakin rijiya. Dela ta kama wuyan hannuna ta matse, ina jin ɗan yatsan nan na shida a kan fatata.

“Zakariya'u Mamani Ango!”

Magatakarda ya jira kaɗan, ya dubi jama'a, ya dubi wakilin hukuma. Sannan ya duƙa ya rubuta a gefen takarda cewa an kira sunan sau uku, ba a amsa ba.